Juma'ar da za ta yi kyau ko maci tuwo: wacce ta dace da wasan ƙarshe?

Hamadu (Yelwa, Garwa): Assalamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a bayan Isha'i za a buga wasan ƙarshe na gasarmu ta eFootball, wasan ƙwallon nan na waya, tsakanin Janar na Marwa da Abakar na Njamena. Janar ya buga wasa 11 ba a doke shi ba, ya zura ƙwallo 34. Abakar kuwa da ƙyar ya fito daga rukuni, wasan kusa da na ƙarshe ma sai a bugun fenareti ya tsallake. Da na ce kofi na Janar ne, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, sai Abba ya tare ni da cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duka biyun maganar kakanni ce, ɗaya ta ce ana ganewa tun da wuri, ɗaya ta ce a dakata. To wacce ce ta yi ƙarya? Manya ku raba mu.

Abba (Kusiri): Wa alaikumus salam. Hamadu, ba sai na je nesa ba, a filin Rumde Ajiya na garinku aka yi ta. Janairun 2022, a gasar cin kofin Afirka, Najeriya ta ci Masar 1-0, ta ci Sudan 3-1, ta ci Gini Bisau 2-0. A duk gasar ita kaɗai ta cinye wasanninta uku na rukuni. Tunisiya kuwa Mali ta doke ta, Gambiya ta doke ta, a matsayi na uku ta lallaɓo, ga korona ta kwantar da kocinta da wasu 'yan wasanta. Wace Laraba ce ta fi wannan kyau? Da suka haɗu a zagaye na gaba, aka dawo daga hutun rabin lokaci Msakni na Tunisiya ya ɗirka ƙwallo daga nesa, Iwobi na Najeriya ya shigo bai jima ba aka ba shi jan kati, aka tashi 1-0, Najeriya ta fita. Mutanen Yola da Mubi da suka cika gari, washegari kowa ya nemi mota.

Malam Sani Tela (Hausare, Garwa): Abba ɗana, misalinka ya yi daidai, amma karin maganar da ka ɗauko ba nan ne gurbinta ba. Ka zauna kusa da yara suna cin kwano ɗaya ka lura. Muddin da miyar kuka a kai, hannu biyar ne a ciki, kowa gwani. Da an suɗe miyar ya rage gaya, sai ka ga ana janye hannu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya tashi neman ruwa bai dawo ba. Wanda ya ci gaba da yankar loma haka nan ba miya, shi ne maci tuwo. Saboda haka maganar ba tana nufin a jira alƙalin wasa ya hura usur ba ne. Nufinta ba ka gane mai ƙwazo na gaske sai ranar da sauƙi ya ƙare masa. Ana faɗinta ga ɗan kasuwa idan jari ya karye, ana faɗinta ga abokai idan mutum ya sauka daga mulki. Samarin yanzu kun mayar da ita maganar mai kallo da ba ya son a kama shi da baki.

Abba: Baba Malam, ai ko a rediyo haka masu sharhin ƙwallo ke amfani da ita.

Malam Sani Tela: Na ji su. Yawan masu faɗi ba ya mayar da gaya miya.

Adda Hawwa (Sabongari, Ngaundare): Allah ya ƙara girma, Baba Malam. In haka ne, karin maganar Abba ma ba hana hasashe take yi ba, nuna mana take inda za mu duba. Tambayar ita ce, mece ce miyar Janar? Ni dai na san guda biyu. Ta farko, tun daga rukuni har zuwa yanzu da Dream Team aka yi ta bugawa, kowa da 'yan wasan da ya tara. Janar ya zuba kuɗi ya sayi tsofaffin zakarun nan masu tsada, gaba da baya. Yaron da ke lallaɓa 'yan wasan kyauta, in ya haɗu da shi, tun kafin a take leda an ci shi rabi. Amma ku duba dokar da ku da kanku kuka sa: wasan ƙarshe da ainihin ƙungiyoyi za a yi, masu ƙarfi kusan ɗaya, ba wanda zai shigo da abin da ya saya. Ta biyu, duk wasanninsa a shagon wansa na Domayo ya buga su, ga wifi, ga sola, ga fanka a kansa. Ranar Juma'a kuwa na ji an ce suna da biki a ƙauye, da kredin waya zai buga. To ga miya biyu sun ƙare rana ɗaya. Abakar tun da aka fara gaya yake ci.

Hamadu: Adda, kin rage wa mutumin nan haƙƙinsa. Na zauna bayansa a Marwa na ga hannunsa. Wayar a kwance kan gwiwa, manyan yatsu biyu a ƙasa, manuni biyu a sama. Ba ya danna gudu sai ya ga fili. Idonsa ma ba a kan mai riƙe da ƙwallo yake ba, yana kan 'yar taswirar nan ta ƙasan allo da ke nuna inda kowa yake tsaye. Sai ya yi ta mayar da ƙwallo baya har ranka ya ɓaci ka fito da mai tsaron bayanka, nan take ya zura ta ta ramin da ka bari. Wannan ba a sayen sa da kuɗi.

Abba: Wannan salon ne ma zai kashe shi. Mai gajeren fasin da ke jiran daidai lokaci, in rezo, wato netwok, ya yi nauyi ya danna yanzu ƙwallo ta fita bayan ƙiftawar ido, ramin ya riga ya rufe. Abakar dogon bugu yake yi zuwa gefe, a ɗago, a sa kai. Ba kyan gani, amma jinkirin rezo bai cika damun sa ba. Ga kuma zafin Afrilu. Waya in ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu, hoto ya riƙa tsinkewa. Mu nan har kan tulu muke ɗora ta tsakanin wasa da wasa. Kuma kun san halin wuta in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wanda bai cika batir da rana ba ya shiga uku.

Ɗanjuma (Dang): Ku ba ni dama in sa lissafi a ciki, tunda ni ke riƙe da teburin maki. Akwai tsarin da Arpad Elo ya ƙirƙiro don 'yan wasan dara na chess, wanda FIFA ma ta ɗauki irinsa a 2018 wajen jera ƙasashe. Kowa yana da maki. Ka ci wanda ya fi ka, ka samu da yawa, ka ci na ƙasa da kai, ka samu kaɗan. Daga tazarar maki ake fitar da rabon kowa. Tazarar 100 tana bai wa na sama kusan kashi 64 cikin 100, tazarar 200 kusan kashi 76, tazarar 400 kusan kashi 91. A teburina Janar ya fi Abakar da wajen maki 200. Ma'ana in za su buga sau huɗu, Abakar zai iya ɗaukar ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ce ba ita ce ta ranar Juma'a ba. Da za a yi wasa uku, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi, da rabon Janar ya haura zuwa wajen kashi 85, domin sa'a ba ta cika maimaita kanta ba. Amma wasa ɗaya kuka sa, na 'yan mintuna. Sannan maganar Adda tana nan: duk makin nan da Dream Team aka tara su, ba su san komai game da dokar ranar Juma'a ba.

Bappa Yero (Gidar): Ni ban san wasan nan naku ba, jikokina ke yi. Amma alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ku zaɓi wadda ta yi muku.

Hamadu: Bappa ka ƙara mana aiki ke nan.

Malam Sani Tela: Yanzu in dawo kanka, Hamadu, kada ka ɗauka ka tsira. Da aka ce Laraba, ba a ce Asabar ɗin da ta wuce ba, ba a ce bara ba. Kwana biyu ne tsakani. Da can Juma'a ranar ado ce, a je masallaci, a kai gaisuwa, a yi girki na musamman. Gidan da Juma'arsa za ta yi kyau, tun Laraba ka ga an kai wanki, an je kitso, an sa lalle, mai gida ya kawo cefane. Shiri ake gani, na kusa. Kai kuwa ka ɗauko wasannin wata biyu da suka wuce ka kira su Laraba. Larabar wasan nan ita ce: da wace ƙungiya kowannensu yake atisaye a makon nan, a ina zai zauna, ya yi barci ko bai yi ba. Ka je ka gano wannan, sannan ka ɗauko karin maganar.

Adda Hawwa: A nan kam, Baba Malam, ka yi mini afuwa, ban bi ka duka ba. Ni yadda na taso na ji iyayenmu mata suna faɗinta, yawanci bayan abu ya riga ya yi kyau ne. Yarinya ta yi zaman aure lafiya, sai a ce ai tun tana ƙarama ga hankali, Juma'ar da za ta yi kyau. Wadda aka yaba tana ƙarama ta zo ta ba da kunya, ba mai tuna an taɓa faɗin haka a kanta. Shi ya sa karin maganar ba ta taɓa faɗuwa, ba a rubuta mata kurakuranta. Ku tuna daren da Kamaru ta ci Brazil 1-0 a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022. Vincent Abubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, ya sa kai a ƙarin lokaci, ya tuɓe riga, aka ba shi katin gargaɗi na biyu ya fita yana dariya. Gari na wayewa kowa a Ngaundare ya ce shi dama ya gani. Kafin wasan fa? Shiru kake ji.

Ɗanjuma: Amma Adda, a wannan wasan akwai alama ta gaske. Brazil ta riga ta tsallake rukuni, kocinta ya ajiye manyan 'yan wasansa ya zuba na benci. Wanda ya duba jerin sunaye awa ɗaya kafin wasa ya san rabon Kamaru ya ƙaru. Wannan ita ce Larabar da Baba Malam yake nufi.

Adda Hawwa: Ya ƙaru, ban musa ba. Daga nawa zuwa nawa? Wanda ya faɗa kafin a fara shi nake so a nuna mini, ba mai ba da labari da safe a wurin mai shayi ba.

Malam Isiyaku (Kakatare, Marwa): Ina bin ku tun ɗazu, muhawara ta yi daɗi. Duba alama a ce wane ya fi kusa da nasara ba laifi ba ne, manomi ma yana duban hadari. Abin da ban so ba shi ne kalmar "tabbas" da na ga wasu suna rubutawa, alhali ƙarshen Suratu Luƙman ya gaya mana babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. Na biyu kuma ya fi nauyi. Labari ya iso ni cewa akwai mai karɓar sefa 500 daga hannun yara, wanda ya canka daidai ya kwashe. Wannan caca ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya. Ko a bar batun hukunci, ku duba abin da za ta yi wa gasar. Kyautar kofin sefa 20,000 ce. Ranar da kuɗin da aka zuba a gefe ya fi haka, sai a sami mai zuwa wurin ɗan wasa da dare ya ce masa ka saki wasan a raba da kai. A wasan waya kuwa wa zai kama shi? Ya ce rezo ne ya yanke, ya ce yatsa ne ya zame. Daga nan lissafin Ɗanjuma da karin maganar Malam Sani duk sun tashi a banza.

Hamadu: Gaskiya ne, Malam. Wanda ke karɓar kuɗin ya san kansa, ya mayar wa kowa abinsa kafin gobe, in ba haka ba mu cire shi daga gasar har kaka mai zuwa. Maganar Adda kuma na karɓa. Kowa ya rubuta hasashensa a nan kafin Isha'in Alhamis, da sakamako da kuma kashi nawa ya ba wanda ya zaɓa, Ɗanjuma ya ajiye. Ba kuɗi, ba gyara bayan an rubuta. Ni na fara: Janar 2-0, kashi 70. Na sauko daga 100 saboda bikin ƙauyen nan.

Adda Hawwa: Kunnen doki, a je fenareti, Abakar ya ɗauka. Kashi 55.

Malam Sani Tela: Ni ba na sa lamba. A gaya mini ƙauyen da za a yi bikin tukuna, in ji ko akwai rezo.

Abba: Abakar 2-1, kashi 40.

Ɗanjuma: Abba, in ka ce kashi 40 ai Janar ka bai wa ke nan.

Abba: Na sani. Yaron unguwar kawuna ne, rubuta haka nan.