Zoom lens da Hausa, a taimaka kafin gobe

Mai Hoton Fagge: Salam jama'a. Gobe da safe zan koya wa wasu matasa ɗaukar hoton tsuntsaye da magariba, kuma da Hausa nake son in raba musu takardar. Na maƙale a zoom lens, wato madubin kyamara irin mai 150 zuwa 600mm ɗin nan da nake ɗaukar belbela da shi a bakin Challawa in suna komawa bishiya kwana. Me zan rubuta?

'Yar Gwale: Ai ko a waya "zuƙo" muke cewa. Madubin zuƙowa kawai.

Malam Dattijo: Madubin hangen nesa.

Mai Hoton Fagge: Allah gafarta Malam, wannan ai na duban wata ne. Kuma ba kawo nesa kusa ne zoom ba, akwai 600mm da ba ya motsi sam, shi ma yana kawowa. Zoom shi ne kana tsaye wuri ɗaya ka murɗa zoben ya tashi daga 150 zuwa 600, sai dai kana kaiwa ƙarshe ƙofar hasken ta tsuke zuwa f/6.3, ga duhu na shigowa, in ba ka ɗaga ISO ba, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, fuka-fukin su fito dishi-dishi. Murɗawar nan nake son yaran su ji a cikin sunan.

Malam Dattijo: To "matso-ja-baya". Na daɗe ina kawo ta ba a saurara. Zuƙa ta hayaƙi ce, ku duba ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ku ga ko ana zuƙo hoto.

Basakkwace: Bargeryn shi ma Bature ne, Malam. Ku dai Kanawa kun ɗauka a Kasuwar Kurmi anka haifi Hausa.

'Yar Gwale: Kai kuma wa ya taɓo ka? Bari mu gama sai ka ce "madubin zuƙowat" mu ji.

Basakkwace: Haba ƙanwata, ku da kuka cinye rabin harafi.

Malam Dattijo: Yaran yanzu kenan. Kyamara ma da an bi tawa da ba a ara ba.

Mai Hoton Fagge: Don Allah a dawo kan layi, mai fotokwafi ƙarfe tara yake rufewa. Matso-ja-baya ta kama ma'anar gaskiya, amma yaro zai ji kamar ana ba direba hannu. Zan sa madubin zuƙowa, marar motsin kuma madubin nesa.

Malam Dattijo: Sa abin da kake so. Amma tawa ta shiga ƙasan shafi.

Mai Hoton Fagge: Za ta shiga Malam, in fili ya rage.