Fistin yana cijewa a cikin silindar ƙaramin injin tururina, ina neman shawara

Sabon Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin ƙarfe. Ina haɗa ƙaramin injin tururi a gida, irin wanda silindarsa ke lilo a kan fin guda ɗaya, lilon nan kuma shi ke buɗe ramin shigar tururi da na fitarsa. Silindar ta tagulla ce (gaurayen jan ƙarfe da zinki), tsawonta milimita 30, ramin kuwa 12 nake so ya zama. Na huda da bakin diril mai 11, sannan na yi borin, wato faɗaɗa ramin ta ciki da wuƙa, a ƙaramin injin tana (mai juya ƙarfe ana yanka shi) na kan tebur, da sandar borin mai kauri milimita 6 wadda ta leƙo daga mariƙinta kamar milimita 50.

Matsalar ita ce fistin yana shiga da sako-sako a baki, in ya ci kashi biyu cikin uku na ramin sai ya cije. Da na auna, baki ya kai 12.05, ɗaya ƙarshen kuwa 11.97. Cikin ramin ma ba sumul yake ba, akwai wasu 'yan layuka kamar igiyar ruwa, kuma sandar tana kuka lokacin yanka. Shin in rage fistin har ya wuce, ko in sake silinda? Tambaya ta biyu: ina da niyyar yin tukunyar tururin da gwangwani, in liƙe ta da dalmar da ake liƙa wayoyin lantarki. Ya halatta? Allah ya saka da alheri.

Baba Maƙeri:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka taɓa fistin nan tukuna. In ka rage shi har ya wuce matsattsen wurin, to a bakin ramin zai yi lako-lako, tururi ya riƙa zurarewa ta gefensa. Ana gyara rami ne ya daidaita daga farko har ƙarshe, sannan a yanka fistin daidai da ramin, don rage abu ta waje ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara shi ta ciki.

Kukan da kake ji na sandarka ne. Ta yi siriri kuma ta leƙo da yawa. Sandar borin ta ƙarfe ba a so ta leƙo fiye da ninki huɗu na kaurinta, taka kuwa ta haura ninki takwas. Rami mai 12 zai ɗauki sanda mai 9. Ka sa ta leƙo 35 kawai, abin da zai ratsa silindar ya ɗan fita. Lissafin abin yana da ban mamaki: rage tsawo daga 50 zuwa 35 kaɗai yana mai da lanƙwasar sanda kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙara kauri daga 6 zuwa 9 kuma yana ƙara mata tauri ninki biyar. In ka haɗa biyun ka samu kusan ninki goma sha biyar, ba ka sayi sabon inji ba.

Sannan ka duba bakin wuƙar. Tagulla ba ta son wuƙa mai gangare a sama, tana fizgar ta. Ka bar saman a shafe, ka wasa bakin da dutsen mai har ya yi kaifi sosai, ka tabbata yana daidai tsakiyar aiki ko sama da shi da ɗan kaɗan ƙwarai. Ka leƙa ƙasan wuƙar ma: a ƙaramin rami, dugaduginta kan gogi bangon ramin kafin bakin ya ci, mutum yana ta ƙara yanka amma wuƙar ture kanta kawai take yi.

Malam Mai Awo:
Baba, maganarka a kan kukan sanda daidai ce, amma ina ganin ba ita ta jawo tsukewar ramin ba. Tsawon da sandar ta leƙo ɗaya ne tun daga bakin rami har ƙarshensa, don haka lanƙwasarta ma kusan ɗaya ce. Abin da sanda mai laushi ke yi shi ne ta buɗa bakin rami na 'yan milimitoci na farko, kamar bakin ƙararrawa. Ramin da ke tsukewa a hankali har ƙarshe kuwa, wuƙar ce ba ta tafiya daidai da layin da aikin ke juyawa a kansa.

Malam Sabon Koyo, da wane hannu ka tura wuƙar cikin ramin? Da babban keken da ke tafiya a kan gadon injin, ko da ƙaramin keken sama mai juyawa a kan digiri?

Sabon Koyo:
Da ƙaramin na sama ne, Malam, don ya fi laushin juyawa a hannu. Na saita shi a kan sifili kafin in fara.

Malam Mai Awo:
To nan ɗaya. Sifilin da ke jikin wannan ma'aunin digiri na gani da ido ne kawai. Bambancin da ka samu 0.08 ne a faɗin rami, wato 0.04 a kowane gefe, cikin tsawon 30. In ka mayar da shi kwana, bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya ba. Babu idon da zai ga wannan a kan layukan da aka zana a jikin keken. Ƙaramin keken an yi shi ne don yanka tsini da gajerun kwanoni. Rami miƙaƙƙe da babban keke ake yin sa. Ka janye ƙaramin ya zauna sosai a kan mazauninsa, ka ɗaure sukurorin gefensa don kada ya motsa, ka tura da babban keke, ko da hannu a hankali ko ka sa injin ya ja da kansa a mafi ƙanƙantar tafiya.

In ka yi haka kuma ramin ya sake tsukewa, sai mu koma kan injin kansa. Ka ɗaure ƙarfe mai kauri 25 a cok, wato mariƙin da ke damƙe aiki yana juya shi, ya leƙo kamar 100, ba tare da ka tallafe shi ta baya ba. Ka rage tsakiyarsa ka bar zobe biyu, ɗaya kusa da cok ɗaya a ƙarshe, ka yi yanka mara nauyi a kan duka biyun ba tare da taɓa saitin wuƙa ba, sannan ka auna da maikiromita, ma'aunin kauri mai nuna ɗan ƙaramin bambanci. In sun sha bamban, mai yiwuwa gadon injin ya murɗe saboda yadda aka ɗaure shi a kan teburin da bai daidaita ba. Ƙananan injunan nan ba su da nauyi, sukuru ɗaya da aka matse da ƙarfi yana iya murɗa su. Siririn gwangwani a ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta baya yakan gyara.

Baba Maƙeri:
Na yarda, Malam. Ban tambaye shi keken da ya yi amfani da shi ba. Ƙari ɗaya: in ka kusa kai awo, ka sake bin ramin sau biyu ko uku ba tare da ƙara ko ɗigo a saiti ba. Za ka ga ɓarɓashi mai laushi yana ci gaba da fita, wannan lanƙwasar sandar ce take komawa. Kuma kada ka matse cok mai haƙora uku da ƙarfi a kan silinda mai siririn bango. Zai matse ta, ka yanka rami zagayayye, kana sakinta ya koma mai kusurwa uku.

Yaya Injiniya:
Ni a ganina ana tsawaita hanya. Rami mai 12 da ya ratsa, rima ce maganinsa, wato sandar nan mai haƙora da ke share rami ya kai daidai awo. Ka yi borin har 11.8 don ramin ya miƙe, sannan ka bi da rima mai 12 a hankali, gudun injin ƙasa sosai. Rima mai alamar H7 a wannan girma ana nufin ta ba da rami tsakanin 12.000 da 12.018. Kada dai ka juya ta baya ko wajen fitarwa, bakinta zai dakushe. Amma wannan na sabuwar silinda ne, tunda taka ta riga ta wuce 12 a baki.

Mai Ƙaramin Bita:
Yaya, rima tana da kyau ga wanda yake da ita, amma babu dalilin jefar da silindar nan. Injin tururi bai san 12 ba. In ramin ya tashi 12.2 kuma ya daidaita, aka yi masa fistin daidai da shi, zai yi aiki lafiya lau. Sabon Koyo ya sake ɗaure ta, ya bi shawarar Malam, ya share ramin har layukan su ɓace, shi ke nan.

Bayan haka sai gogewa. Ka yanka sandar katako mai tauri ta shiga ramin da ɗan matsi, ka tsaga bakinta da zarto, ka ɗaure ta a cok, ka shafa man goge ƙarfe mai laushi da ɗan mai. Injin yana juyawa a hankali, kai kuma kana kai silindar gaba da baya a kanta, ba ka tsayawa wuri ɗaya kuma ba ka bari ta fice daga baki. Hannunka zai gaya maka inda ya matse. Kada ka sa garin goge bawul na mota, ya yi kaushi, kuma ƙwayoyinsa suna nutsewa cikin tagulla su ci gaba da cin fistin har abada. In ka gama ka wanke ramin sosai.

Fistin kuwa, ka fara ɗaura shi a kan sandarsa, sannan ka riƙe sandar ka yi yankan ƙarshe, don su zama a layi ɗaya. Ka bar tazarar 0.02 zuwa 0.03, ka yi masa 'yan siraran kwaruruka biyu da za su riƙe mai. Gwajinsa mai sauƙi ne: a bushe ya zame da nauyinsa, in ka toshe ɗaya bakin da yatsa kuma ya tsaya ko ya sauka a hankali, in ka ja shi ka ji yana tsotsar yatsan.

Abin da ya fi ba masu irin wannan inji wahala ma ba ramin ba ne, fuskar da silinda ke goga a kanta ce. Dole fuskokin biyu su shafe tas, fin ɗin lilon kuma ya tsaya cak a kansu ba karkata. Ka shimfiɗa samfefa mai lamba 600 a kan gilashi mai kauri, ka jiƙa, ka goga kana zana lamba takwas, sannan ka koma 1200. Ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka (marker) a fuskar kafin ka fara, inda baƙin ya rage nan ne kwari. Sifirin ɗin da ke jawo silindar kada ya yi ƙarfi, ya dai hana tururi ɗaga ta. Tsarin nan tsoho ne, William Murdoch da ya yi aiki da James Watt ya ƙera samfurinsa tun 1785, kuma har yau da shi masu wannan sha'awa da yawa ke farawa saboda sassansa kaɗan ne.

Baba Maƙeri:
Maganar tukunya ce ta fi damuna, ɗana, kuma ina roƙonka ka bar wannan niyya. Dalmar wayoyi tana fara narkewa a digiri 183 na ma'aunin zafi na Celsius. Ruwan da ke cikin tukunya mai matsin bar 2 (bar ma'aunin matsi ne) ya riga ya kai wajen digiri 134, kuma dalma tana rasa ƙarfinta tun kafin ta kai ga narkewa. Ranar da ruwa ya ƙare wuta tana ci, cikin ɗan lokaci liƙin zai saki. Ruwa in ya koma tururi a fili yana kumbura kusan ninki 1,700, kuma fuskarka ce a kusa da ita. Gwangwani ma siriri ne, yana tsatsa ta ciki inda ba ka gani.

Tukunya da bututun jan ƙarfe mara ɗinki ake yin ta, a liƙe da sandar azurfa. Mai kashi 55 na azurfa tana narkewa tsakanin 630 da 660. Ka nemi wadda babu kadmiyum a ciki, hayaƙinsa guba ne. Ka tsabtace wurin liƙi, ka shafa hodar liƙin azurfa, ka zafafa aikin kansa har shi ya narkar da sandar, ba harshen wuta ba. Kada ka yi jikin tukunya da tagullar da ka yi silinda, domin ruwan zafi yana cinye zinkin da ke cikinta a hankali ya bar ta kamar soso. Mazaunan sukuru ma a yi su da gaurayen jan ƙarfe da kuza.

Malam Mai Awo:
Kuma kafin wuta ta taɓa ta, a gwada ta da ruwa. A cika ta maƙil ba iska ko kaɗan, a matsa da ƙaramin famfon hannu har ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, a bar ta ana kallon agogon matsi. Ruwa ba ya matsuwa sosai, in wuri ya fashe ɗigo kawai za ka gani. Iska kuwa tana tara ƙarfi, don haka ba a wannan gwajin da kwamfiresa. Bawul ɗin da ke sakin tururi in matsi ya yi yawa wajibi ne, ko tukunyar ba ta fi kofi ba. In akwai wanda ya taɓa haɗa tukunya kusa da kai, ka kai masa ya duba liƙin.

Shi injin kansa ba sai ka jira tukunya ba. Iskar kwamfiresa kaɗan, wadda ba ta kai bar 1 ba, za ta juya shi in an haɗa shi da kyau. In sai da matsi mai yawa yake tashi, akwai inda yake cijewa ko yake zuba.

Sabon Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na ɗaure ƙaramin keken, na wasa wuƙa a kan sanda mai 9, na bi da babban keke. Kukan ya ɗauke, ramin ya tsaya a 12.2, kuma awona bai nuna bambanci tsakanin baki da ƙarshe ba. Gwangwani na ajiye shi. Yanzu zan goge ramin in yanka sabon fistin. Baba, tsohuwar sandar fistin ɗin ta ƙarfe ce mai tsatsa, in bar ta?

Baba Maƙeri:
Madalla. Canja ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, tunda kullum cikin danshi za ta zauna. Shi wannan ƙarfen yana taurara in wuƙa ta tsaya tana gogarsa, don haka ka rage gudu, ka sa mai, ka bar wuƙar tana ci ba tsayawa. Ɓarɓashinsa dogo ne mai kaifi, da ƙugiya ake janye shi bayan injin ya tsaya, kuma ba a sa safar hannu kusa da cok mai juyawa. In ka gama fistin ka gaya mana yadda gwajin yatsa ya kasance, sai mu shiga maganar inda za ka huda ramukan tururi.