Jonathan Kellerman: ta yaya aikin asibiti ya shiga littattafansa?

Bilkisu_M:
Assalamu alaikum. Ana cewa Jonathan Kellerman, marubucin labaran binciken kisan kai na Amurka, likitan ƙwaƙwalwa ne kafin ya fara rubutu. Gaskiya ne? In haka ne, ba labaran marasa lafiyarsa yake kwashewa yana sayar mana ba?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Malama Bilkisu, a fara gyara sunan aikin. Shi masanin halayyar ɗan'adam ne, bai yi karatun likita ba, don haka ba ya rubuta magani. Aikinsa a wancan lokacin tattaunawa da mara lafiya, da gwajin tunani, da ba iyaye shawara.

An haife shi a New York a 1949, ya tashi a Los Angeles. Digirin farko a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles (UCLA), digirin digirgir a jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1974. Daga nan sai asibitin yara na Los Angeles, sashen cutar daji. A lokacin akan killace yaron da magani ya karya masa garkuwar jiki a wani ɗaki kewaye da leda, iskar da ke shiga ma tacewa ake yi, uwarsa ba ta iya taɓa shi da hannu tsirara. Aka sa Kellerman ya binciki abin da wannan kaɗaici ke yi wa tunanin yaro. A 1977 ya zama shugaban farko na shirin kula da tunanin yaran da iyalansu, kuma littafinsa na farko da aka buga, a 1980, na ilimi ne kan wannan batu.

Adabin ya sha wuya kafin ya kama. Ya ci kyautar rubutu ta Samuel Goldwyn tun yana ɗalibi, amma ya yi shekara goma sha wani abu yana rubuta labarai da daddare bayan ya taso aiki, kamfanonin ɗab'i suna mayar masa. Sai 1985 littafin labarinsa na farko, When the Bough Breaks, ya fito, ya ci kyautar Edgar, wadda ake ba marubutan labaran binciken laifi, a 1986.

Hajiya Rabi:
Kan tambayarki ta biyu, ƙanwata, dokar sana'ar ta hana. Ƙa'idar ƙungiyar masana halayya ta Amurka ita ce ba a sa sirrin mara lafiya a rubutu sai ya amince a rubuce, ko an ɓadda kamanninsa sosai. Inda masu rubutu ke faɗawa rami shi ne su canza suna kawai su zaci sun gama. Yarinya 'yar shekara tara, mai cuta wadda ba kasafai ake samu ba, ubanta matuƙin jirgi: ko me aka kira ta, ma'aikatan jinyar sashen za su gane ta a shafin farko. Dole a sauya shekaru, jinsi, sana'ar iyaye da garin, kuma a bar duk wata magana da mutum ya faɗa da bakinsa. Ko amincewar ma tana da matsala, domin wanda kake yi wa magani yana jin nauyin ya ce maka a'a.

Abin da ya halatta ya ɗauka shi ne sanin aiki: yadda yaron da aka cutar yake kauce wa tambaya, yadda ake barinsa ya yi zane ko wasa maimakon a titsiye shi, yadda tambaya mai jan baki ke lalata shaida a kotu.

Dan_Asabe77:
Ƙari kan na Hajiya: ku duba yadda ya tsara jaruminsa, Alex Delaware. Masanin halayyar yara ne da ya ajiye aiki da wuri saboda gajiya, sai abokinsa ɗan sanda, Milo Sturgis, yake jawo shi cikin bincike. Dabara ce. Masanin da ke ganin marasa lafiya daga safe zuwa yamma ba shi da lokacin bin sawun mai laifi, ba shi da ikon kama kowa, kuma sirri ya ɗaure masa baki. A Kalifoniya, tun hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke a shari'ar Tarasoff a 1976, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin fasa sirrin ita ce idan mara lafiya ya zama barazana ga ran wani. Sai dai a ganina littattafan farko sun fi ɗanɗanon asibiti. Na baya sun fi karkata ga aikin 'yan sanda.

Bilkisu_M:
Na gode ƙwarai. To da na 1985 ɗin zan fara.