Sanya robar rage bugu a ƙotar bindiga: a yanke katakon ko a bar shi?

Maharbi12:
Assalamu alaikum. Bindigar farauta ce geji 12 (awon faɗin bakinta ke nan), ƙotarta ta katako, a gindinta akwai farantin leda mai tauri da bai wuce kaurin milimita 6 ba. Na samo robar rage bugun kafaɗa mai kaurin inci ɗaya, irin wadda ake gurzawa ta dace da ƙota. Tambayata: in ɗaura ta haka nan, ko sai na rage katakon? Ramukan sukurun ma ba su zo daidai da na tsohon farantin ba. Masana a taimaka.

Mai Zarto:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ka kwance ƙotar daga jikin bindigar gaba ɗaya.

Abin da zai amsa maka tambayar yanka shi ne awo. Auna daga kunama zuwa tsakiyar gindin ƙota. Yawancin bindigogi irin taka suna fitowa da wajen inci 14 zuwa 14 da kwata. Idan tsawon nan ya yi maka daidai, to inci ɗaya milimita 25 ne, ka cire 6 na tsohon faranti, saura 19. Milimita 19 ɗin nan za ka yanke. In ka ɗaura ba yanka, gindin zai riƙa kama riga a hammata duk lokacin da ka ɗaga bindiga da sauri. Idan kuwa dama ta yi maka gajarta, har babban yatsanka yana taɓa hanci in ka harba, to kada ka yanke komai, ko ka rage kaɗan. Tsakanin hanci da yatsan nan ya kamata a samu faɗin yatsu biyu. Ka gwada da rigar da kake fita farauta da ita.

Wajen yanka, layinka ya bi karkatar gindin na asali, wato milimita 19 sama, 19 ƙasa, 19 a kowane gefe. Karkatar nan ba ado ba ce. In ƙasan ya fi tsawo, tsininsa zai riƙa sukar ƙirji, ƙotar kuma ta riƙa marin kunci. Naɗe wurin da tef na takarda, ka zana layin a kansa, ka bi layin da wuƙa mai kaifi har ta shiga katakon kaɗan. Wannan tsagar ita ke hana gefe ɓantarewa. Zarto mai ƙananan haƙora za ka sa, kuma ka bar kamar milimita ɗaya bayan layi. Ragowar sai ka cinye shi da samfefa lamba 80 da ka manna a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen doro. Ɗora robar ka ɗaga wajen haske; muddin haske yana ratsawa tsakani, da sauran aiki. Ita ma bayan robar a goga ta a gilashin, don ba kowacce ke zuwa a miƙe ba.

Tsofaffin ramuka kuwa, ka faɗaɗa su, ka cusa turken katako da gam, ya kwana, ka datse. Sababbi ka huda su a kan layin tsakiya da bakin huda na wajen milimita 3, gwargwadon kaurin sukurun. Ka lura da babban ramin dogon notin da ke riƙe ƙota, kada sukuru ya faɗa cikinsa ko ya matso bakinsa har katakon ya tsage.

Tsohon Hannu:
Malam Mai Zarto ya gama da katako, bari in ɗora a kan robar, don a nan ne aiki ya fi lalacewa.

Fuskar robar ba ta da rami a fili. Tura wani siririn abu ta ramin baya har fuskar ta kumburo, ka tsaga wurin da reza, 'yar tsaga ƙarama. Shafa ruwan sabulu a sukurun da kuma jikin sukundireba. Sukundireban ya zama mai zagayayyen jiki, don mai kusurwa yana yaga roba ya bar baki buɗe. In an yi daidai, tsagar takan rufe har sai an nema. A ɗaura da hannu, a tsaya da ya kama. In aka matsa fiye da haka ramin sukurun a katakon zai cinye, ko bayan robar ya lanƙwashe.

Bayan ta zauna, zagaye ƙotar da tsinin allura ka zana siffarta a kan farantin mai tauri da ke bayan robar, ka kwance, ka goga alli a zanen ya fito fari. Sai gurza a injin samfefa mai faifai ko mai bel, lamba 80.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne layin ƙasa. Gefen ƙasa na ƙota yana gangarowa a karkace, kuma dole robar ta ci gaba da wannan gangarar kamar daga jikin katakon ta tsiro. Wanda ya gurje ta a miƙe, tsinin ƙasan zai fito a datse, ko daga nesa ana ganewa, kuma roba ba ta dawowa. Ɗora rula a gefen ƙasa na ƙotar ta zarce kan robar, ka ga inda layin ya nufa, ka saita teburin injin ko maƙalar da ke riƙe robar a kan wannan kusurwa. Haka za ka yi wa saman, sai dai shi karkatarsa kaɗan ce. Saboda wannan ne ma ba a ɗora roba a tsakiya cif, ana barin rara mai yawa ta ƙasa.

Kada ka danna. Zafi yana narkar da roba ta yi danƙo a samfefa. Taɓa, ɗaga, taɓa. Robobi masu laushi irin samfurin Limbsaver da Kick-Eez sun fi gurzuwa da tsabta in sun yi sanyi a firiza, da sun saki sai a mayar. Ka rufe hanci da ido, ƙurar baƙa ce kuma tana da yawa. Ka tsaya dab da farin layin, ka mayar da robar kan ƙota, ka naɗe katakon da tef ninki biyu, ka ƙarasa da hannu da samfefa a jikin ɗan katako: 120, 220, sannan 320. Da samfefa ta fara cin tef na sama, dakata.

Maharbi12:
Allah ya saka da alheri. Robar tawa babba ce sosai, ta zarce ƙotar da kusan santimita ɗaya a gefe. Ba matsala?

Mai Zarto:
Akwai matsala. Cikin irin robobin nan da yawa akwai kogo ko ramukan iska, wasu na kamfanin Pachmayr kuma da ƙarfe a cikin farantin bayansu. In ka ci gefe da yawa za ka ɓulla ciki. Takardar da ta zo da ita tana nuna iyakar da za a iya gurzawa. Ka auna gindin bayan yanka, tunda yana ƙara tsukewa, in ya gaza iyakar nan ka canza ta da matsakaiciya ko ƙarama. Kuma kafin ɗaurin ƙarshe ka shafa wa yankakken gindin man katako ko banish sau biyu, ya bushe. Ta nan katako yake shan danshi, in ya kumbura ko ya motse sai ka ga robar da ta zauna lafiya ta fito da baki a gefe.