Guruf ɗin dangi a WhatsApp: manya sun yi shiru, yara sun koma TikTok

Ɗan Jekadafari, Gombe: Salamu alaikum. An buɗe guruf na dangi don sanarwar suna, biki da rasuwa. Dattawa ba sa tanka wa kowa, biyu ma sun fice, samari kuwa suna can TikTok. Ina gyaran yake?

Malamar makaranta, Azare: Wa'alaikumus salam. Ba waya ce matsalar ba, kunya ce. Ka tara suruki da surukarsa, uwa da ɗan farinta da ko sunansa ba ta faɗa, ka ce su yi hira wuri ɗaya? Ko a tsakar gida ba a haka. A raba biyu. Na sanarwa, a saita shi adimin kaɗai ke turawa, a ba wani babba adimin ɗin don maganar ta yi nauyi. Na hira kuma a bar wa sa'o'in juna, su yi ta sitika. Kuma kada a jefa dattijo ciki kawai. A je a gaishe shi, a nemi izini.

Mai gyaran waya, Wunti: Malama ta yi gaskiya, amma akwai na waya. Yawancin manyanmu da rediyo suka tashi, wasu ajami suke karantawa ba boko ba, don haka sanarwa ta zama saƙon murya, kada ta wuce minti 1: sallama, wane ne, ina, ƙarfe nawa. A kashe saukar bidiyo da hoto da kansu a saitin data, in ba haka ba wayar ta cika, data ta ƙare, Baba ya ce guruf ɗin ne ya lalata masa waya. A ƙara girman rubutu. Sai a sa lambar sirri ta mataki biyu, wato ƙarin makullin da WhatsApp ke tambaya in za a buɗe lambar a wata waya, a kuma gaya masa lambobi 6 da ke shigowa ta tes ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga ƙungiyar masallaci yake. Ta nan ake sace lambar dattawa a roƙi kuɗi da sunansu.

Ɗan Pantami: Samarin fa ba za su dawo hira ba, ranka ya daɗe, ba wanda ke sakewa gaban kawunsa. Aiki za a ba su: ɗaya ya riƙa naɗar sanarwa, ɗaya ya tace duk saƙon da aka turo mai alamar kibiya biyu, wato wanda ya bi hannu da yawa, kafin Hajiya ta yaɗa shi.