Tambaya kan tankar Tiger da T-34: ƙarfi ne ya yi nasara ko yawa?

Sanusi, unguwar Zariya, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Daren jiya a fadarmu gardama ta kaure kan tankokin Yaƙin Duniya na Biyu, har shayi ya huce ba mu rabu ba. Wani abokina ya dage cewa Tiger ta Jamus ta fi kowace tanka, ni kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in haka ne, me ya sa Jamus ta sha kashi a hannun Tarayyar Sobiyet da Amurka? Ina roƙon manyanmu masu sani su warware mana.

Malam Laminu, Bagalam:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Tiger, wadda ta shiga fagen daga a 1942, tana da igwa mai faɗin milimita 88 da sulken gaba mai kaurin milimita 100, don haka takan tarwatsa tankar T-34 ta Sobiyet tun daga nesa, kafin ita T-34 ta iso inda harsashinta zai yi tasiri. Sai dai daga 1942 zuwa 1944 Jamus ba ta ƙera ko 1,400 ba, alhali Sobiyet ta ƙera T-34 sama da 50,000 kafin yaƙin ya ƙare, Amurka kuma ta fitar da tankarta Sherman kusan 49,000. Abin da ya fi burge ni shi ne, a 1941, da Jamusawa suka tunkaro birnin Karkif na Yukren, wadda a lokacin tana cikin Sobiyet, sai aka kwance masana'antar tankokin garin, aka loda ta a jiragen ƙasa zuwa Nizhni Tagil can tsaunukan Ural, aka ci gaba da aiki cikin tsananin sanyi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji magabata, kuma an ga haka a gumurzun da Jamus da Sobiyet suka yi a Kursk, a Rasha, cikin Yulin 1943.

Alhaji Rabi'u, makanikin manyan motoci, Sabon Gari:
Malam ya yi bayani, amma a bar ni in ƙara ta fuskar sana'ata, domin wanda ya shekara talatin a ƙarƙashin tirela ya san cewa mota ba ta da amfani ranar da ta kwanta. Tiger ta haura tan 50, kuma nauyin nan yana wahalar da giyarta da injinta mai shan fetur. Ƙafafunta an jera su suna shiga cikin juna, ta yadda in na ciki ya lalace sai an cire na waje da dama kafin a kai gare shi, in laka ta daskare a tsakaninsu kuwa sai tafiya ta gagara. Ko jirgin ƙasa za a ɗora ta, sai an sauya mata sarƙa mai ƙarancin faɗi. T-34 kuwa injin gazuwal gare ta, sarƙarta mai faɗi ce, sulkenta kuma a karkace yake don harsashi ya zame. Ba ta rasa aibi ba, domin a samfurin farko kwamanda shi ne kuma mai harbi, sai a 1944 aka gyara hakan da T-34-85.

Hajiya Mariyama, malamar tarihi:
Ƙanena Sanusi, kada a manta da teku. Shermomi kusan 4,000 da Amurka ta ba Sobiyet ta ruwa suka tafi, wasunsu ta hanyar tashar jiragen ruwa ta Murmansk a arewacin Rasha, kuma jiragen ruwan yaƙi masu sauri da ake kira distiroya ne ke raka ayarin, suna farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus da bama-bamai masu fashewa a zurfin ruwa. Ingila ta matsu da buƙatar distiroyan nan har ta karɓi tsofaffi 50 daga Amurka a 1940. Sannan labarin ya taɓo maƙwabtanmu: Janar Leclerc na Faransa, wanda ya tashi daga Cadi da sojojin Afirka ya ci garin Kufra na Libiya a Maris 1941, da Sherman rundunarsa ta shiga Paris a Agustan 1944.

Sanusi:
Na gode ƙwarai, iyayena. Baba Alhaji, in Allah ya kai mu Asabar zan kawo abokin nawa garejinka, ya ji batun ƙafafun nan daga bakinka.