Yaya ake yi wa `with` mataki na uku a Python?

dan_kod:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ina rubuta wani ɗan kod ne da zai buɗe fayil, ya haɗu da sqlite3 (rumbun ajiye bayanai), ya zuba bayanai, amma ina so a tsakiya ya tsaya ya duba komai daidai ne kafin ya adana sannan ya rufe. To shi `with`, wato umarnin Python da ke buɗe abu ya kuma sallame shi in an gama, shiga da fita kawai ya sani. Sai na ɗauko `@contextmanager` na sa `yield` sau biyu, ina kunna shi ya watso min "generator didn't stop". Tun bayan la'asar nake kansa wallahi har kaina ya ɗau zafi.

malam_py:
Wa alaikumus salam. Ai haka aka gina shi tun PEP 343, wato daftarin shawarar da ya kawo `with` a Python 2.5 cikin 2006, ƙofa biyu ce kawai, `__enter__` da `__exit__`. Shi `contextmanager` yana tura janaretanka (aikin nan naka mai `yield` a ciki) har `yield` na farko lokacin shiga, da an fito sai ya sake tura shi yana jiran ya ƙare, to da ya ci karo da wani `yield` ɗin dole ya yi ƙorafi. Matakin tsakiyan nan naka ne, ka miƙo wani abu mai `duba()` a ciki, ka kira shi da hannunka cikin jikin `with` ɗin.

yar_linux:
Gaskiyar malam ce, amma ɗan'uwa ka leƙa `ExitStack` ma, yana cikin `contextlib` (laburaren da `contextmanager` yake ciki) tun Python 3.3, ni tunda na san shi na daina jera `with` cikin `with` har kod ya tafi can gefen allo.

```
with ExitStack() as s:
    f = s.enter_context(open("bayanai.csv"))
    db = s.enter_context(closing(sqlite3.connect("a.db")))
    s.enter_context(db)
    zuba(f, db)
    duba(db)
```

Duk abin da ka buɗe yana tara shi, wajen fita kuma wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara fita, kamar kwanuka da aka ɗora kan juna. Ko da mataki na biyu ya faɗi, fayil ɗin da aka riga aka buɗe zai rufu. In kuma kana so abubuwan su zauna a buɗe bayan an wuce dubawa lafiya, `pop_all()` zai kwashe su zuwa sabon tari ka rufe daga baya.

dan_kod:
Na gode Yaya, amma me ya sa kika sa `db` sau biyu? Ba maimaici ba ne?

yar_linux:
A'a, nan ne mutane ke faɗawa rami. Haɗin sqlite3 a cikin `with` ba ya rufe kansa, abin da yake yi kawai `commit` (adana canje-canje) in an fita lafiya, `rollback` (soke su) in an samu matsala. Shi ya sa `closing`, mai rufe haɗin, ya riga `db` shiga don ya fita bayansa, a adana tukuna sannan a rufe. Ka sa `duba()` ya yi `raise` (ya jefo kuskure) in ya ga ɓaraka.

dan_kod:
Alhamdulillah ya yi! Na lalata layi ɗaya a fayil ɗin da gangan, ko ɗaya bai shiga rumbun ba. Allah Ya saka muku da alheri.